Baffa da Kyamarar Kuɗin Udoji

Da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, a 1975, maƙwabtan Baffa a Fagge wasu babur suka saya, wasu rediyo mai kaset, wasu kuma suka ƙara aure. Shi Baffa, Allah Ya jiƙansa da rahama, kyamara ya sayo, Zenit-E ƙirar Rasha, mai nauyi kamar dutsen guga. Akawu ne a gidan waya, aikinsa buga hatimin kwanan wata a kan wasiƙu tun safe har a tashi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa karɓar ko kwabo da sunan kuɗin hoto ba. Mu da muke ba da wannan shaida 'ya'yan ƙannensa ne da yaran unguwa da suka koyi riƙe kyamara a hannunsa, akwatunan da ya bari kuma suna wurinmu.

A wancan zamani hoto sai an shirya masa. Mutum ya yi wanka, ya sa kayan Sallah, ya tafi situdiyo a Sabon Gari, a tsayar da shi gaban labule kusa da fulawar roba, ya ƙame kamar an dasa shi. Baffa bai raina wannan ba, amma ba shi ya dame shi ba. Abin da yake ɗauka shi ne wanda ba wanda zai yi wa kwalliya: 'yan garuwa a bakin famfo, mai ƙosai da asuba hayaƙi na shiga mata ido, yara na wankin allo, wanzami na yi wa jariri askin suna, telolin Fagge sun duƙufa a kan keke ana saura kwana uku Sallah, kwanukan tuwo a jere a ƙofar gida da magariba. Hawan Sallah ma ya fi juya wa dawakai baya ya ɗauki 'yan kallo da masu tallan rake. Yakan ce Sarki ba zai rasa mai ɗaukarsa ba.

Albashin akawu ba ya ɗaukar ɓarna, don haka ya yanka wa kansa naɗin fim ɗaya a wata, mai hoto 36. Ka ga kusan hoto ɗaya ke nan a rana, a ajiye biyar ko shida don suna ko ɗaurin aure. Wanda ya san sau ɗaya zai danna, sai ya tsaya ya duba. Yakan zauna a dakalin ƙofar gida da kyamara a cinya har mutane su manta da ita, sannan ya ɗaga.

Hoto ɗaya ne bai taɓa fashinsa ba. Asabar ta farko a kowane Janairu, da hantsi, yakan jingina da falwayar da ke bakin layinsu ya ɗauki titi, daga wuri ɗaya. In aka jera su, a na farko-farko kekuna ne da Vespa da jakunan masu yashi. Daga baya 'yan acaɓa suka cika titin. Bayan 2005 A Daidaita Sahu masu launin ɗorawa suka fara leƙowa daga gefe. A hoton 2013 acaɓa na nan birjik, domin sai ƙarshen wannan watan aka hana goyo a babur a Kano. A na 2014 ba ko ɗaya. Bishiyar darbejiyar da ke hannun dama ta girma, aka sare ta, aka kafa shagon caji a gurbinta.

Ɗabi'ar gidan waya ce ta bi shi gida. Kowane naɗi yana da lamba, kowane hoto yana da layi a cikin littafi mai kaurin bango irin na rijista. Lamba kamar 79/4/17 tana nufin shekarar 1979, naɗi na 4, hoto na 17. A gaban lambar sai kwanan wata na boko da na Musulunci, da wuri, da sunayen mutane daga hagu zuwa dama, da dangantakarsu da gidan. In a kasuwa ne yakan ƙara kuɗin kwanon gero a ranar. Tsakanin magariba da isha'i yake rubutawa, a ranar da ya ɗauka, ba ya bari ya kwana. An taɓa ce masa, "Baffa, wannan ai kowa ya san ta, mene ne na rubuta sunanta?" Ya ce, "Yau ne kowa ya san ta, ɗana." Lambar nan ita yake sawa a jikin takardar da ya naɗe nagetif, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, ita ce kuma a bayan hoton da aka wanke, da fensir mai laushi. Biro ba ya kusantar hotonsa, domin tawada tana huda takarda ta fito ta gaba, in an jera hotuna kuma ta shafi fuskar na ƙasa.

Ma'aunin hasken da ke goshin Zenit ba ya cin batir, amma yawan shan rana yana kashe shi, kuma na Baffa bai daɗe ba ya fara ƙarya. Sai ya koma auna haske da ido, kuma haka ya koya wa kowa. Abu biyu ake juyawa. Ɗaya yakan kira shi ƙofa, wato faɗin ramin da haske ke bi ta cikin gilashin kyamara. Ɗayan ƙiftawa, wato tsawon lokacin da labulen ciki zai buɗe. Da fim mai lambar saurin kama haske 100, a bar ƙiftawa a 125, wato kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. In rana ta take, inuwa ta yi kaifi, ƙofa 16. Hazon hunturu mai sauƙi, 11. Ranar da buji ya sauka har ana iya kallon rana kamar faranti, 8. Ƙarƙashin rumfar kasuwa, 5.6. Cikin zaure kuwa sai a buɗe ƙofa zuwa 2.8 ko 2, a sauke ƙiftawa zuwa 30, a jingina da bango, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙe numfashi. Kowane taki daga 16 zuwa 11 zuwa 8 ninka hasken yake yi sau biyu. In aka yi ƙasa da 30 da hannu kawai, rawar hannu za ta fito ko da mutum ya rantse bai motsa ba.

Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne baƙin mutum cikin farar riga. Ma'auni yana ganin farin ya ce haske ya yi yawa, a rage, sai rigar ta fito tas fuska ta zama gawayi. Baffa yakan ƙara taki ɗaya a kan abin da lissafi ya bayar, ya ce rigar ta ƙone in ta ga dama, ba ita aka zo gani ba. Tsakar rana ba ya ɗaukar fuska sam, domin rana na bisa kai, rawani ko malafa ko ƙashin gira ma kawai sai su zuba inuwa a ramin ido. Lokacinsa daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 da rabi, sai kuma bayan la'asar. In dole ce ta sa, yakan zaunar da mutum a inuwar katanga yana fuskantar filin da rana ke duka, ƙasar ta maido masa da haske a fuska, ko ya sa yaro ya riƙe farin zane taki biyu daga gefe. Filasha bai ƙaunace ta ba. Tana sa shadda ƙyalli, ta baje fuska, ta mai da bayan mutum dare. A Zenit kuma in aka manta aka wuce ƙiftawa 30 da filasha, rabin hoton baƙi zai fito, domin labulen bai gama buɗewa ba haske ya tashi.

Abin da ya sa ya koyi wanke fim da kansa ba kuɗi ba ne, kunya ce. Hotunan tsakar gida, mata na daka ko kitso ko tankaɗe ba mayafi, bai yarda yaran situdiyo su gani ba. Wasunsu ma ba shi ya ɗauka ba. Ya koya wa uwargidansa, Hajiya, ya saita mata ƙofa da nisa, ita take shiga da kyamarar wurin kamu da wankan jego inda namiji ba ya shiga. Waɗannan naɗe-naɗen akwatinsu daban, har yau kuma mata ne kawai ke buɗe shi.

Fim baƙi da fari yake wankewa. Da daddare yakan toshe taga da ƙofa da bargo, ya zauna minti 5 ya tabbata idonsa bai ga ko zaren haske ba, sannan ya fasa gwangwanin ya naɗa fim a kan ƙwarya, wato zoben da ke riƙe fim yayin wanki, ya rufe a tanki. Ƙwaryar sai ta bushe ƙayau, hannu ma haka. Gumin bazara kaɗai ya isa ya sa fim ya maƙale a tsakiya ya lanƙwashe, lanƙwasar kuma ta fito kamar jinjirin wata a hoto. Maganin fito da hoto, D-76, yakan haɗa mililita 150 da ruwa 150, abin da zai rufe naɗi ɗaya ke nan. A ma'aunin zafi 20 ake so, minti 9 zuwa 11 gwargwadon irin fim, a juya tanki daƙiƙa 30 da farko, sannan daƙiƙa 10 a kowane minti. To a Kano ina za a samu ruwa mai 20 a watan Afrilu, ruwan famfo ya haura 30? Sai ya riƙa ɗibar ruwan randa da asuba, in bai isa ba ya tsoma kwalaben a bokiti da ƙanƙara. In 24 ya samu, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Abin da ya fi tsoro shi ne magani mai sanyi sannan ruwan ɗauraya mai ɗumi: fatar fim takan yamutse, hoto ya fito da zane kamar bayan ƙadangare, kuma ba gyara. Don haka duk ruwan da zai taɓa fim a bokiti ɗaya yake kwana.

Bayan an zubar da na farko sai ɗauraya, sai maganin kafe hoto. Yakan gwada ƙarfinsa da guntun bakin fim: a tsoma, a ƙirga lokacin da zai washe ya zama garau, a ninka biyu, shi ne lokacin da naɗin zai yi a ciki. In guntun ya fara ɗaukar ninkin lokacin da yake ɗauka sa'ad da maganin ke sabo, ya mutu, a zubar. Fim ɗin da bai kafu ba yakan fito da hazo kamar madara. Wanda ba a ɗauraye da kyau ba kuma lafiya lau za a gan shi, sai bayan shekaru ya yi tabo ruwan ƙasa. Da yake ruwan saye ake yi wurin 'yan garuwa, ba ya sakin famfo; yakan cika tanki ya juya sau 5 ya zubar, ya cika ya juya sau 10, sannan sau 20, ya ƙara biyu don kore shakka. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan da masu batir ke sayarwa, wanda ba asid a ciki, domin ruwan rijiya yana barin farin tabo in ya bushe.

Kowane yanayi da irin cutarsa. Da hunturu ƙura ce: jiƙaƙƙen fim tana manne masa har abada, don haka yakan yayyafa ruwa a banɗaki, ya jira ƙura ta kwanta, ya rataye fim da maƙalin shanya a ƙasa don ya miƙe, ya ja ƙofa, ba mai shiga sai bayan awa 2. Bushewar iska kuma tana haifar da wani abin mamaki. In aka mayar da fim cikin gwangwani da sauri, tartsatsi yakan tashi a cikin kyamara ya bar zane kamar reshen walƙiya a kan hoto, saboda haka a hankali ake juya hannun. Gilashi ba a goge shi da bakin riga; a fara hure ƙurar, domin yashi ce, tana karce. Da bazara zafi ne: fim ɗin da ya wuni a akwatin babur yakan dushe. In an ajiye a firji, a fito da shi awa 1 kafin a buɗe robarsa, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa. Da damina kuwa danshi ne. Kyamarar da aka bari cikin jakar fata a ƙasan gado, gilashinta yakan yi fumfuna daga ciki kamar yanar gizo. Haka Zenit ta ƙare, ya sayi Pentax K1000 ta hannu. Ita kuma ma'auninta ba shi da makunni, in ba a rufe gilashi da murfi ba batirin LR44 yana ta ci har ya ƙare, ko da yake kyamarar tana ɗauka ba batir.

Fim mai kala ya fi ƙarfin ɗakinsa, domin maganinsa yana son zafi 37.8 daidai, minti 3 da daƙiƙa 15, ba ragi ba ƙari. Wannan sai a kai wa masu inji. Bayan an karya darajar naira a 1986 kayan hoto suka yi tashin gwauron zabo, naɗin wata ɗaya ya koma na wata biyu, wani lokaci uku. Abin lura shi ne, hotunan kala na waɗannan shekarun yawancinsu sun koma ja-ja, launin shuɗi ya gudu, alhali baƙi da fari na 1976 suna nan kamar jiya aka wanke.

A watan Agustan 1988, daminar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, rufin ɗakin Baffa ya yi yoyo a kan kwalin da yake ajiya. Kafin a ankara hotuna sun manne da juna, nagetif na kusan naɗi 20 fatarsu ta saɓule, littafi na huɗu kuma, mai ɗauke da bayanin 1984 zuwa tsakiyar 1988, ya zama dusa tsakanin ruwa da gara. Kuskuren da aka yi a ranar shi ne ɓamɓare hotunan da suka fara bushewa da hannu. Da an mayar da su cikin ruwa mai tsabta mai sanyi sun jiƙa, da yawansu da sun rabu da kansu, a shanya su a inuwa fuska sama. Daga nan ya sauya ajiya gaba ɗaya. Nagetif a yanka shida-shida, kowane yanki a hannun takarda, ba leda ba, domin leda tana gumi. Duka a adakar ƙarfe, a ɗora kan bulo, a janye daga bango saboda gara. A ciki yakan zuba ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi da robar magani, duk ƙarshen damina ya gasa su a kasko da wuta kaɗan su koma aiki. Littattafai kuma a wani ɗaki daban, kada abu ɗaya ya ci biyun. Naɗin da ya fara tsami kamar ruwan kal, jikin fim ɗin ne ke ruɓewa, a ware shi kada ya harbi sauran. Albam mai gam a shafi da liƙe hoto cikin roba da zafi, duka biyu ya hana. Gam yana rina hoto rawaya, roba kuma in ta kama ba ta saki.

Akwai malaman unguwa da ba su yarda da hoto ba, Baffa kuma bai taɓa jayayya da su ba. Ba ya ɗaukarsu, ba ya rataye hoto a bango, a akwati yake ajiyewa. Ga sauran mutane ƙa'idarsa sallama tukuna, a gaisa, a nemi izini, in an ce a'a ya mayar da murfi. Wanda ya ɗauka kuma sai ya kai masa kwafi ɗaya, ko bayan wata biyu ne, shi ya sa 'yan kasuwa ke kiransa da kansu. Almajiri na bara, ko mara lafiya, ko gidan makoki, ba su cikin akwatinsa. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 yawo da kyamara a titin Kano ya zama abin zargi, sai ya taƙaita a unguwarsu inda aka san shi. A watan ne kuma kamfanin Kodak ya bayyana karyewarsa a Amurka, amma tun kafin nan masu wanke fim a gari sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya koma ɗauka da waya, lissafin ƙofa da ƙiftawa ya faɗi, sauran kuwa ba abin da ya sauya. A goge idon wayar da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa ne ke sa hoto hazo. A taɓa fuskar mutum a kan allo don wayar ta auna haske da ita, ba da farar riga ba. Kada a ja hoto da yatsu, a taka a matsa kusa. A duba kwanan watan na'ura, musamman ƙananan kyamarorin dijital da ke komawa shekarar da aka ƙera su in an cire batir. Asarar da ya yi a nan ta fi ta 1988 ciwo: katin ajiya na jabu da aka rubuta wa 32GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan katin ba ya cewa ya cika, sai ya riƙa karɓa yana lalata abin da ke ciki, sunayen hotuna na nan amma ba sa buɗuwa. Gwajinsa shi ne a cika shi da bidiyo tun yana sabo, a buɗe na farko da na ƙarshe a gani. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba kuma an matse shi, an cire masa kwanan watan da ke ɓoye a ciki. In don ajiya ne a tura shi a matsayin fayil. Google yana ba da wurin ajiya na 15GB kyauta, wajen hoto 4,000 ke nan in kowanne bai wuce 4MB ba, amma adireshin da kalmar sirrin sai an rubuta su a takarda, domin da yawa a shago aka buɗe musu, ranar da aka ƙwace waya shi ke nan. Baffa yakan sa a kwafe masa a kwamfuta duk ƙarshen wata, a zaɓi 10 a buga a takarda inci 5 da 7, ya rubuta lamba a baya ya shigar a littafi, har lokacin da yanar ido ta hana shi ganin layi, ya koma yana faɗa jikoki na rubutawa.

Nagetif ɗin yanzu ana mayar da su kwamfuta da na'urar sikana a ma'aunin ɗigo 2400 a kowane inci, wanda ke ba da hoto mai ɗigo kusan 3,400 a tsawo da 2,270 a faɗi, kowane fayil da lambar da Baffa ya ba shi. Inda aikin ya tsaya shi ne shekarun littafi na huɗu. Naɗi 23 sun tsira daga ruwan, garau, amma ba suna ba wuri. Ana buga su ƙanana a kai wa Hajiya da sauran tsofaffin gidan bayan la'asar, su sa tabarau su yi ta musu, wannan 'yar wance ce, a'a ƙanwarta ce da aka kai Gaya. Abin da biyu suka yarda a kai shi ake rubutawa, da alamar cewa daga baki aka ji. Sun gane fiye da rabi. Lamba 86/2/9 yarinya ce da farantin gyaɗa a ka, tana dariya, haƙorinta na gaba ɗaya ya fita, a bakin falwayar nan ta layinsu. An zagaya da ita gida bakwai, har yanzu layinta a sabon littafi ba komai sai lambar.